Ka Mayar wa Ƙanenka da Maganinsa

Ɗana, jiya da daddare ban so in yi maka magana a gaban mutanen ɗakinku ba, shi ya sa na shanye shayina na yi muku sallama. Kai yanzu babba ne, kai ke biyan haya, kai ke aika wa mahaifiyarku kuɗin cefane, bai kamata in tsinka ka a gaban na bayanka ba. Amma abin da ka yi ba daidai ba ne, kuma in ni kawunka ban faɗa maka ba, babu mai faɗa maka a garin nan na Sabha a Libiya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ka hana ƙanenka shan maganinsa. Ba a bakin kowa na ji ba. Kwalin na gani a kan taga, rana ta cinye launinsa, na buɗe na tarar ƙwayoyin suna nan jere cikin ledarsu, kaɗan ne aka ɓalle. Da na tambayi yaron, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya ya ce na warke."

Na san dalilanka, kuma ba na raina su. Ka ce maganin ya mai da shi kamar ba shi ba: yana barci har rana ta take, yawu na zuba a matashi, hannunsa na rawa in ya ɗauki kofin shayi, tafiyarsa ta zama ta tsoho, ba ya kaɗa hannu. Ka ce kuɗin da kake kashewa a saidaliyya, wato kantin magani, duk wata ya isa buhun shinkafa a gida. Ka ce mai ginin da kuke yi wa aiki a Mahdiyya ya yarda ya mayar da shi kwaɓa siminti, amma ba zai ɗauki mai gyangyaɗi ba. Sannan akwai wanda ba ka furta ba, na dai karanta a fuskarka: kunya. Ba ka son a ce ƙanen wane yana shan maganin mahaukata, labari ya bi waya ya isa Kano kafin ku isa, a hana shi mata. Duk wannan na gane. Na daɗe ina aiki bayan kanta a saidaliyya a garin nan, na ga 'yan'uwa da yawa sun zo da waɗannan dalilai, mutanen kirki masu son nasu. Na kuma ga yadda suke dawowa bayan wata uku ko huɗu, su riƙe da shi ta kowane gefe.

Ka tuna yadda yake kafin a kai shi wurin likita. Ya daina barci. Ya naɗe wayarsa da tsumma ya tura ƙarƙashin katifa wai ana sauraronsa ta ciki. Ya ƙi cin tuwon da ka tuƙa da hannunka, ya ce an zuba masa wani abu. Yana zaune shi kaɗai sai ka ga ya karkata kai yana ba wani amsa, alhali babu kowa. Ranar da ya fita ba takalmi ya nufi hanyar filin jirgi da tsakar rana, kai ne ka zo kana buga mini ƙofa kana kuka. Wannan ciwon likitoci na kiransa sikizofireniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kama kusan mutum ɗaya cikin 300, kuma a maza ya fi bayyana daga ƙarshen samartaka zuwa shekaru ashirin da 'yan kai, daidai shekarun da yaranmu ke ɗaukar jaka su hau motar Agadas. Tafiyar ba ita ce ta halicci ciwon ba, amma wahalar hanya da tsoro da rashin barci da kaɗaici suna iya tayar da shi ga wanda yake ɗauke da shi.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne wannan: lafiyar da ka gani a jikinsa, maganin ne ya kawo ta, kuma maganin ne ke riƙe da ita. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira dofamin, ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne ya nuna wa mutum abin da ya cancanci a kula da shi. In aikinsa ya wuce kima a wani sashe, sai komai ya zama saƙo: tarin maƙwabci, kallon ɗan sanda, ƙarar janareto, duk a kansa ake yi. Halofaridol ɗin da aka rubuta masa yana toshe wasu daga cikin ƙofofin da wannan sinadari ke shiga, sai muryoyin su yi ƙasa, zargin ya lafa. Ba ya tumɓuke ciwon. Ka yi aiki a gonakin dabino na hanyar Murzuk, ka san shingen ganyen dabino da ake kafawa don tare rairayi. Wa ya taɓa duba gonarsa ya ga babu rairayi, ya ce to shinge ya gama aiki, a cire?

Kuma abin da ke ruɗin mutane shi ne ciwon ba ya dawowa washegari. Mako biyu na farko sai ka ga yaron ya ma fi kyau: jiki ya saki, ido ya buɗe, yana dariya. Sai ka ce ai dama maganin ne ke cutarsa. Komowar tana zuwa a hankali, bayan makonni ko watanni. A shekarar 2012 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Stefan Leucht na ƙasar Jamus sun tattara gwaje-gwaje 65 da aka yi kan mutane sama da 6,000, suka buga sakamakon a mujallar Lancet. Cikin shekara guda, daga kowane mutum 100 da suka ci gaba da magani, 27 ne ciwon ya komo musu. Daga kowane 100 da aka janye wa magani, 64. Dubi tazarar. Kuma duk komowa tana tafiya da wani abu: aiki, ko aboki, ko amanar mutane, wani lokaci ma sai maganin da ya yi aiki a karon farko ya yi jinkirin kamawa a karo na biyu. Shi ya sa ko wanda ciwon ya taɓa sau ɗaya tak, ana so ya ci gaba da sha aƙalla shekara guda bayan ya samu sauƙi. Wanda ya maimaita masa kuwa, shekaru zai yi. In lokacin ragewa ya zo, likita ne zai rage, kaɗan-kaɗan, yana dubawa. Ba yaya ba, ba kawu ba.

Jiya ina lura da shi. Sau da yawa ya waiwaya ƙofa, kuma ɗan ɗakinku ya ce mini kwana biyun nan yana jin motsinsa har asuba. Ba na son in tsorata ka, amma na san wannan alama.

Yanzu mu zo kan abin da ya dame ka, don gaskiya ce ka faɗa, maganin yana da nauyi. Duk wanda ya ce maka ba shi da illa bai riƙe mara lafiya ba. Sai dai kowace illa tana da abin da ake yi mata, kuma babu wadda maganinta shi ne a jefar da kwali a kan taga. Rawar hannu da sandarewar jiki da zubar yawu sau da yawa alama ce cewa adadin ya yi masa yawa. Likita zai iya ragewa, ko ya haɗa masa da ƙwayar da ke sassauta jijiya, wadda ake kira Artane a nan, a gida kuma samari ke ce mata Ezol. Ita wannan ka riƙe ta a hannunka, ka ba shi yadda aka rubuta, don ka san akwai masu shan ta don maye, za su bi shi suna roƙo. Yawan barci kuma, sau tari mayar da shan zuwa bayan isha'i yana rage shi. Akwai wata illa da ba a cika ganewa ba: mutum ya kasa zama wuri ɗaya, ya tashi ya zauna, ƙafa na ta motsi, ransa a ƙuntace. 'Yan'uwa sai su ɗauka ciwon ne ya motsa, su ƙara masa ƙwaya, abin ya daɗa muni. A gaya wa likita. Haka in ka ga bakinsa ko harshensa ya fara motsi da kansa kamar mai tauna, kada a bari ya daɗe, don wannan in ya zauna yana da wuyar fita.

Akwai wadda nake so ka sani tun kafin ta faru. Wata rana an shigo mana da wani saurayi saidaliyya, wuyansa ya murɗe gefe guda, idanunsa sun kafe sama, harshe a waje, abokansa na ta salati suna cewa aljanu ne suka shaƙe shi. Kwana biyu ke nan da fara maganinsa. Aka garzaya da shi asibiti, aka yi masa allura guda, kafin a gama rubuta takarda wuyan ya saki, ya nemi ruwa. Tunda za a sake fara wa ƙanenka magani, in ka ga haka kada ka kiɗime, kada kuma ka ɓata lokaci da hayaƙi, ka kai shi.

In halofaridol ya ƙi jikinsa, ba shi kaɗai ne a duniya ba. Akwai risferidon, akwai olanzafin, waɗanda suka fito a shekarun 1990. Ba su cika sandarar da jiki ba, amma su ma da nasu: olanzafin na buɗe ciki ya sa ƙiba, yana iya jawo ciwon suga, don haka ana auna nauyi da jini lokaci-lokaci. Wasu kuma suna rage wa namiji sha'awa, abin da yaro ba zai taɓa faɗa wa yayansa ba, sai dai ya daina sha a ɓoye. Ka bar shi ya shiga wurin likita shi kaɗai na ɗan lokaci, ka jira a waje. Sannan ka tambaya a kan allurar da ake yi duk bayan mako biyu zuwa huɗu, wadda ke zama cikin tsoka tana sakin magani sannu a hankali. Ga mutanen da ke rayuwa irin tamu, yau aiki a nan gobe a can, wannan allura ta rufa wa da yawa asiri, in dai ana samun ta.

Na ji kuma wani abokinka ya ce zai kawo muku ragowar ƙwayoyin matarsa, wai ita ma "ciwon kai" gare ta. Kada ka karɓa. Ciwonta daban. Nata shi ne wanda ake kira baifola, mai ɗaga mutum sama ya kwana bakwai ba barci ba gajiya, yana zuba magana, yana rabon kuɗin da bai da su, sannan ya jefo shi ƙasa ya kwanta wata da watanni ba ya son ganin kowa. Ana amfani da wasu magungunan iri ɗaya a ciwukan biyu, gaskiya ne, olanzafin da risferidon da halofaridol duk suna kwantar da wannan tashin. Amma akwai waɗanda nata ne kawai. Litiyam, wanda wani likitan Ostareliya mai suna John Cade ya gano amfaninsa a 1949, magani ne mai kyau ƙwarai, sai dai tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke zama guba ƙanƙanuwa ce. Dole a riƙa auna shi a jini. In mutum ya yi gumi mai yawa bai sha ruwa ba, ko ya haɗa shi da maganin ciwon jiki irin su diklofenak da leburori ke haɗiya kamar gyaɗa, sai ya taru a jiki ya taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa. Ka faɗa wa abokin naka ya bar wa matarsa maganinta, kuma in suna sa ran haihuwa su sanar da likita tun da wuri, don akwai wani da ake kira balfurowet da ke cutar da ɗan tayi.

Batun gumi ya kawo ni kan aikin ginin. Ba na cewa kada ya yi aiki. Zaman banza ba ya taimakon mai wannan ciwo, kuma kuɗin da ya samu da guminsa yana mayar masa da mutuncinsa. Amma nan Fezzan ce, kudancin Libiya. Da bazara zafi na haura digiri 40, in iskar gibli ta taso numfashi ma sai da dabara. Waɗannan magunguna suna rage wa jiki iya sanyaya kansa, musamman in an haɗa da Artane mai rage gumi. Ka nemo masa aikin inuwa, ko na sassafe da yamma: gadi, shago, ban ruwa a lambu. Kada ya hau saman bene da kwanon siminti alhali jiri na ɗibarsa. Kuma in wata rana ka ga zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, jiki ya sandare, ya ruɗe bai san inda yake ba, wannan ba zazzaɓin sauro ba ne da za a jira gobe; a tsayar da maganin a kai shi babban asibitin Sabha a daren. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kisa. Tabar wiwi da tiramadol kuwa, ka gaya wa mutanen ɗakinku a fili cewa duk wanda ya miƙa masa, shi ya tayar masa da ciwo. Wiwi na daga cikin abubuwan da suka fi saurin dawo da muryoyin nan.

Sai maganar malam. An ce mini ka kai shi an yi masa ruƙiyya, kuma a nan ne aka ce a ajiye ƙwayar Turawa don tana hana addu'a shiga. Ni ban hana addu'a ba, Allah ya kiyaye. Ni ma kullum ina sa shi cikin tawa. A yi masa tofi, a karanta masa, ya sha rubutu in yana so. Amma wanda ya ce a ajiye magani ya yi magana a kan abin da bai karanta ba. Babban asibitin masu taɓin hankali na Tarabulus sunan wa aka sa masa? Sunan Abubakar al-Razi, likita Musulmi da ya shugabanci asibiti a Bagadaza fiye da shekara dubu da suka wuce. Neman magani gadonmu ne. A Najeriya ma, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta a 1954: mara lafiya ya zauna a ƙauye tare da ɗan'uwansa, yana karɓar maganin asibiti, kuma Lambo bai kori masu maganin gargajiya ba, aiki ya yi da su. Duniya ta zo ta koya a wurinsa, har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Malamin kirki shi ne zai ce wa yaro, sha maganinka, zo in yi maka addu'a. Azumi in ya zo, mu tambayi likita yadda za a karkasa shan tsakanin buɗa-baki da sahur. In ya ce ba zai yiwu ba, ka san shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Ka kuma tuna cewa kafin 1952, lokacin da likitoci biyu a birnin Paris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka nuna amfanin kulorfuromazin, wato Largactil, abin da duniya ta fi sani game da wannan ciwo shi ne ɗaki mai kulle da sarƙa. Mu ma mun san mari da turu. A 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawa da sarƙa a ƙafa, kowa ya ga hotunan. Na ji ka ambaci cewa in ya gagara za ka aika shi irin waɗannan gidaje. Ina raye ba za a yi haka ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Maganar komawa gida kuwa, na fi kowa son ya koma. Manyan asibitocin wannan fanni a Libiya suna Tarabulus da Bangazi. Daga nan zuwa Tarabulus fiye da kilomita 700 ne, ga shingayen bincike, ga shi takardunku ba su cika ba. A Kano akwai asibitin Dawanau, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Aminu Kano, ga mahaifiya, ga dangi. Amma ba a yanayin da yake ciki ba, kuma ba a bayan Hilux ba. Kwanaki cikin sahara ta Gatrun da Tummo da Madama da Dirku, ruwa a ƙididdige, mutane cunkushe, ba barci. In ciwon ya motsa masa a tsakiyar saharar Tenere, kai ma ka san abin da direba zai yi. A fara daidaita shi. Sannan mu je mu tambayi Hukumar Ƙaura ta Duniya, IOM, wadda ke da shirin mayar da masu son komawa gida ta jirgin sama, kuma tana duba lafiyar mutum kafin tafiya. Ya tafi da takardar likita mai ɗauke da sunan maganin da adadinsa, da ƙwayoyin da za su kai shi har ya ga wani likitan. Ko a nan ma, kada ka jira kwali ya ƙare kafin ka nemi wani. Ka san yadda kaya ke yankewa a kudu in hanya ta rufe ko man fetur ya yi wuya. In saura na mako biyu, ka zo ka gaya mini. Kuma a daina ajiye magani a taga.

Abu ɗaya kuma, sannan in bar ka. Na ji kana ce masa rago, kana ce masa shi ya sa kuka kasa tara kuɗi. Ka daina. Rashin kuzarin nan, da shirun, da zama yana kallon bango, wani sashe na ciwon ne, kuma shi ne ya fi jinkirin tafiya. Tsawa da gori a cikin gida suna daga cikin abubuwan da aka tabbatar suna gaggauta komowar ciwo. In ya ce yana jin murya, kada ka yi masa dariya, kada kuma ka gaskata muryar. Ka ce masa kai ba ka ji, amma ka san yana wahala. In ya taɓa ambatar mutuwa ko ya ce ya gaji da rayuwa, ko da wasa, kada ka bar shi shi kaɗai, ka kira ni ko ƙarfe nawa ne. Ita ma mahaifiyarku a daina ɓoye mata. 'Yar'uwata ce, na san ta, za ta fi jure gaskiya a kan jita-jita, kuma ita za ta riƙa ba shi magani in ya isa.

Kada ka ɗauko kwalin nan yau ka ce ya ci gaba daga inda ya tsaya. An yi tazara, kuma rana ta dafa shi, likita ne zai faɗi yadda za a sake farawa. Ranar Lahadi da safe kada ka fita aiki. Zan zo da mota bayan sallar asuba mu kama layi da wuri. Ka ɗauko tsohuwar takardar da kwalin, ka rubuta duk abin da ka gani a jikinsa tun daga rawar hannun, don kada ka manta in mun shiga. Kuɗin yinin da za ka rasa da na maganin wannan watan suna wuyana, sauran watannin kuma mu zauna mu raba.